Yadda ake sa ido kan tsutsar masara a gonakin Kebbi: tarko, zagaye da lissafi

Tsutsar nan da ke cinye zuciyar masara a Zuru, Yauri, Ngaski, Danko-Wasagu da Shanga baƙuwa ce. Daga nahiyar Amurka ta fito, kuma sai a farkon shekarar 2016 aka tabbatar da ɓullarta a Afirka, a kudu maso yammacin Najeriya da wasu ƙasashe maƙwabta. Masana na ce mata Spodoptera frugiperda, manomi kuwa tsutsar masara kawai yake cewa. Ta zo ke nan, ba ta da niyyar komawa, domin a nan babu sanyin da zai kashe ta, ga masarar rani a fadamun kogin Kwara da na gulbin Rima tana riƙe ta har damina ta kewayo. In babu masara ta ci dawa, ta ci gero, ta taɓa shinkafa da rake.

Yawancin kuɗin da ake ɓatawa a kanta ba tsadar magani ce ke cinye shi ba, makara ce. Mutum sai ya hango ganye ya yi kaca-kaca daga bakin hanya sannan ya ruga kasuwa, alhali a lokacin tsutsar ta girma, ta nutse can cikin zuciya, ta toshe kanta da kashinta, wata ma ta riga ta sauka ƙasa. Wani kuma kishiyar haka yake yi: ya ji an ce tsutsa ta sauka a ƙauyen gaba, sai ya feshe gonarsa ba tare da ya buɗe ko tushe ɗaya ba. Dukansu biyun abu guda suka rasa, wato ƙidaya.

Kwanakinta

Uwar tsutsar faɗa-wuta ce mai launin toka-toka, da dare take yawo, kuma in iska ta taimaka tana iya cin kilomita 100 a dare ɗaya. Tana saka ƙwai a dunƙule, 100 zuwa 200 a wuri guda, ta lulluɓe su da wani gashi-gashi daga jikinta. Mace ɗaya tana iya saka kusan 1,000 ko fiye kafin ta mutu. A zafi irin namu ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 2 zuwa 3. Tsutsar tana yin kamar mako biyu tana ci, tana saɓa sau da yawa har mataki na shida, sannan ta sauka ta shige ƙasa zurfin santimita 2 zuwa 8, ta kwanta kwana 8 ko 9, ta fito faɗa-wuta. Duka-duka wata guda ne daga ƙwai zuwa ƙwai.

Abin riƙewa a nan shi ne: kusan kashi uku cikin huɗu na duk ganyen da tsutsa za ta ci a rayuwarta a matakin ƙarshe take cinsa. Makon farko ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, tana kan ganye a fili, hannu yana kashe ta, ruwan sama mai ƙarfi yana wanke ta, magani kaɗan yana gamawa da ita. Wannan makon shi ake farauta. Shi ya sa wanda ke shiga gona sau ɗaya a mako biyu yana iya tsallake shi gaba ɗaya.

Tarko

Tarkon da malaman gona ke rabawa bokiti ne na roba: murfi kore, mazurari ruwan ɗorawa, gindi fari. A ƙarƙashin murfin akwai ɗan kwando inda ake saka wata 'yar roba mai ɗauke da ƙamshin macen faɗa-wutar. Namiji ya biyo ƙamshin da dare, ya bugi murfi, ya zurma ta mazurari ya faɗa bokiti, inda aka ajiye ɗan falle mai maganin ƙwari da zai kashe shi. Maza kaɗai yake kamawa. Saboda haka kada wani ya ce maka tarko ɗaya zai kare gona. Aikinsa ya gaya maka cewa baƙin sun iso, kuma suna ƙaruwa ko suna raguwa.

Kafa shi tun kafin shuka, da mako biyu zuwa wata guda in zai yiwu, don ka san yadda wurin yake kafin masara ta tsiro. Sami doguwar sanda mai ƙwari, ka kafa ta a cikin gona ko a bakinta inda iska ke ratsawa, ba ƙarƙashin bishiya ba. Rataye tarkon ya miƙe tsaye, kimanin mita ɗaya da rabi daga ƙasa. Masara na tsawo kana ɗaga shi, ya riƙa zama sama da ganye da kamar santimita 30, domin in ganye ya rufe bakinsa ƙamshin ba ya tafiya. Tarko ɗaya ya ishi gona mai hekta ɗaya zuwa biyu. In biyu za ka kafa, ka raba su da aƙalla mita 50, in ba haka ba ƙamshinsu ya cakuɗe, lissafin kowanne ya ɓaci. A inda gonaki ƙanana ne kuma a manne da juna, maƙwabta huɗu ko biyar su haɗa kuɗi su sayi ɗaya, su ɗora wa mutum ɗaya dubawa.

'Yar robar ƙamshin ita ce ran tarkon, kuma ita aka fi wulaƙantawa. Kada ka buɗe ledarta sai ranar sakawa. Kada ka riƙe ta da hannu tsirara. Sa leda a hannu ko ka ɗauke ta da tsinke. Guda ɗaya ake sakawa, ƙarin ba ya ƙara kamu. Ana canja ta duk mako 3 zuwa 6 gwargwadon abin da aka rubuta a ledar, amma a zafin Maris da Afrilu ka ɗauki ƙaramin adadin, don rana na saurin busar da ita. Waɗanda ba a buɗe ba a firji ake ajiye su. Wanda ba shi da firji ya sayi iya wadda zai saka, kada ya jibge su a ɗaki mai rufin kwano. Tsohuwar da ka cire kuma kada ka yar a gona, za ta ci gaba da jan maza zuwa inda ta faɗi. Ƙulle ta a leda ka fita da ita.

In bokitin bai samu ba amma robar ƙamshin ta samu, jarkar roba mai lita huɗu ko biyar tana yi. Yanke tagogi biyu ko uku a jikinta daga sama, zuba ruwa da ɗan garin sabulu a gindi zurfin yatsu uku, rataye robar da waya daga murfi yadda ba za ta taɓa ruwan ba. Wahalarta ita ce ruwan yana ƙafewa kuma ƙwarin suna ruɓewa, don haka duk kwana biyu ko uku sai an leƙa.

Ranar dubawa ta zama ɗaya a kowane mako. Juye bokitin a kan farin buhu, ka ware. Namijin da ake nema fikafikansa na sama toka-toka ne da ruwan ƙasa, da farin tabo a can ƙarshen fiffike, na ƙasa kuwa farare ne masu sheƙi da baƙin baki. In ka buɗe fikafikan faɗinsa bai wuce santimita 3 zuwa 4 ba. Za ka riƙa samun wani mai launin busasshiyar ciyawa, fiffikensa da siririn layi a tsaye. Wannan wani iri ne daban, kada ka sa shi a lissafi. Rubuta adadi, zubar da su nesa, share yanar gizo-gizo daga bakin mazurari. Idan ka tarar da fikafikai kawai babu jiki, tururuwa ce ta hau sandar, sai ka shafa baƙin mai ko giris a gindinta. Idan ruwan sama ya taru ciki, huda ƙananan ramuka a gindin bokitin.

Babu wani adadin faɗa-wuta da za a ce in an kai shi a yi feshi. Abin dubawa shi ne tashi: makon jiya 4, wannan makon 30. Ma'anarsa ana saka ƙwai yanzu, kuma nan da 'yan kwanaki ƙananan tsutsotsi za su bayyana, sai ka mayar da zagayen gona sau biyu a mako. Haka kuma bokiti na iya zama wayam alhali gona cike take da tsutsa. Tarko bai taɓa ɗauke wa ƙafa aikinta ba.

Zagayen gona

Daga ranar da masara ta tsiro, aƙalla sau ɗaya a mako. Da sassafe ko da la'asar sakaliya ake shiga, lokacin da tsutsar ke kusa da waje. Da tsakar rana ta lafe. Abin da za ka riƙe: littafi da biro, 'yar kwalba, da tsakuwa ko ƙwayar wake cike da aljihu ɗaya.

Kada ka fara daga baki. Shiga ciki kamar taku biyar zuwa bakwai, don kunyoyin baki ba sa nuna gaskiyar gona. Daga nan ka yi tafiya mai siffar harafin W, daga wannan gefe zuwa wancan, ka tsaya a wurare biyar: farko, lanƙwasa uku, da ƙarshe. A kowace tsayawa ka duba masara 10 a jere a kunya ɗaya. A jere, ba zaɓe ba. Ido yana son zuwa kan wadda ta fi lalacewa, kuma da zarar ka biye masa lissafinka ya zama na tsoro. In biyu-biyu aka shuka a rami, kowace ɗaya ƙidayarta daban. Mako mai zuwa ka juya W ɗin ta wata fuskar, kada ka riƙa komawa kan tushen da ka duba. Gonar da ta wuce hekta biyu, ko wadda aka shuka rabi yau rabi bayan kwana goma, a raba ta, kowane ɓangare da nasa zagayen.

Ga yadda ake duba tushe ɗaya. Durƙusa. Fara da sababbin ganye biyu ko uku da ke fitowa daga zuciya, domin su ne ke ba da labarin wannan makon. Juya bayansu ka nemi ƙwai: wani ɗan dunƙule ne kamar an manna ƙullin auduga mai datti, faɗinsa bai kai farcen ɗan yatsa ba. In ka gani, murje shi nan take. Sannan ɗaga ganyen ka kalli haske ta cikinsa. Ƙaramar tsutsa ba ta iya huda ganye, kankare koren take yi ta bar wata siririyar fata kamar farar leda, tabo-tabo ko dogaye. Wannan ita ce alamar da ta fi kowace daraja, don tana nufin tsutsar ƙarama ce har yanzu. Wani lokaci za ka ga 'yan mitsi-mitsin, masu baƙin kai, suna lilo da zare kamar na gizo-gizo. Haka iska ke kai su kan masarar da ke kusa, shi ya sa ɓarnar ke fara fitowa gungu-gungu.

Sai ka buɗa zuciyar da yatsu biyu a hankali, ka leƙa cikin naɗin. Kashi ɗanye, mai laima, launin kore ko ruwan ɗorawa, yana nufin mai shi na ciki. Kashi busasshe kamar dusar katako, ga manyan ramuka a tsofaffin ganye amma sabon ganye na fitowa lafiya lau, yana nufin ta gama ta tafi. Wannan tushen ba a ƙidaya shi, kuma nan ne mutane da yawa ke asarar magani, suna fesa wa tabon ciwon da ya warke.

Idan ka ciro babba, ɗora ta a tafin hannu ka duba abu biyu. A goshinta akwai farin zane kamar harafin Y da aka kifa. A gaɓar da ke kusa da ta ƙarshe, wajen wutsiya, akwai baƙaƙen ɗigo huɗu da suka yi murabba'i. Launin jiki ba abin dogaro ba ne, wata kore, wata ruwan ƙasa, wata kusan baƙa. Galibi babba ɗaya ko biyu za ka samu a zuciya guda, don suna cin junansu.

Ba kowace ɓarna ce tata ba. Tsutsar kara, wadda muka sani tun kafin wannan ta zo, tana barin ƙananan huji a jere a faɗin ganye kamar an bi da allura, daga baya ta huda kara ta shige, zuciyar ta bushe ta zare a hannu; jikinta sumul ne, fari-fari ko ruwan hoda, ba ta da ɗigo huɗun nan. Fara da ɗango daga gefen ganye suke ci, ba sa barin kashi a zuciya.

Duk tushen da ka samu da tsutsa mai rai, ko sabon kankare, ko ɗanyen kashi, ka ɗauki tsakuwa ɗaya daga aljihun dama ka sa a na hagu. Ƙwai kuma ka rubuta su daban.

Lissafi

Masara 50 ka duba, don haka ninka tsakuwar aljihun hagu sau biyu, ka sami kashi cikin ɗari. A ce tsayawa biyar sun ba ka 3, 1, 4, 2, 2. Jimla 12, wato kashi 24 cikin 100.

Ma'aunin da aka fi bai wa ƙananan manoma a Afirka ya danganta da shekarun masarar. Daga tsiro zuwa ganye shida, wato kamar makonni uku zuwa huɗu na farko, in ya kai kashi 20, wato 10 cikin 50, a ɗauki mataki. Daga ganye bakwai zuwa gab da fitar furen kai, masara ta yi ƙarfi, sai ya kai kashi 40, wato 20 cikin 50. Daga fitar fure da gemu ya sake komawa kashi 20, don yanzu goyon ne ke cikin haɗari. Waɗannan ba ayoyi ba ne, ana sassautawa ko a tsananta. Masarar da ta sha taki, ga ruwa na sauka a kai a kai, tana iya jure ɓarnar ganye mai ban tsoro ta kuma yi goyo mai kyau. Wadda fari ya kama ko ƙasarta ta gaji, ko wadda aka shuka a makare bayan na maƙwabta sun yi tsawo, ita ce faɗa-wuta ke taruwa a kai, gara a yi mata da wuri. In ka ga hadari ya haɗu sosai kuma tsutsar ƙanana ce, jira ruwan ya sauka ka sake ƙidaya washegari. Sau da yawa adadin yana faɗuwa ba ka kashe ko sisi ba.

Rubuta har da abokan aikinka. Tururuwa da cinnaka suna jan ƙananan tsutsotsi, zanzaro da rina suna ɗauka, ga gizo-gizo, ga wani siririn ƙwaro mai almakashi a wutsiya da ke kwana cikin zuciyar masara yana cin ƙwai. Tsutsar da ka tarar ta sandare, jikinta ya yi fari ko kore kamar an barbaɗa gari, cuta ce ta kashe ta, bar ta a nan ta harbi sauran. Ƙwan da ya yi baƙi ƙirin kuma, ko dai yana gab da ƙyanƙyashewa ne ko wani ɗan mitsitsin zanzaro ya saka nasa ƙwan a ciki. Yanki ganyen ka sa a kwalba, ka rufe da ƙyalle: in tsutsa ce, gobe ko jibi za ka gan ta, in bayan mako guda ko fiye wasu baƙaƙen ƙwari kamar ƙura suka fito, gonarka na da masu gadi, kuma feshin da bai zama dole ba su zai fara kashewa.

In lissafi ya kai

A ƙaramar gona, hannu ya fi komai arha: a bi kunya-kunya sau biyu a mako ana murje ƙwai da tsutsa. Wasu na zuba ɗan yashi, ko ƙasa, ko toka gauraye da yashi a cikin zuciya. Tsunkule ɗaya ya isa, toka zalla in ta yi yawa tana ƙona ƙaramar masara. 'Ya'yan dogon yaro ma suna aiki a kan ƙananan tsutsotsi: a daka busassu kamar rabin kilo, a jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, a tace da ƙyalle sosai don kada ya toshe kan feshi, a fesa da yamma a ranar, a maimaita bayan mako guda.

In maganin kanti ne, karanta sunan sinadarin da ke jikin kwalba, ba sunan kasuwa kaɗai ba, ka kuma duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Masu ɗauke da emamectin benzoate ko chlorantraniliprole suna cikin waɗanda ake amfani da su a kan wannan tsutsa. Cypermethrin ko lambda-cyhalothrin su kaɗai sau da yawa ba sa kayar da babba. Bi awon da aka rubuta. Ninka shi ba ya kai magani inda bai shiga ba. Abin da ke kashe ta shi ne saiti: kan feshi a bisa zuciya, tushe bayan tushe, har ruwan ya gangara cikin naɗin, da sassafe ko da yamma. Mai tafiya da sauri yana kaɗa sanda hagu da dama ganye kawai yake wankewa. Kada a maimaita sinadari iri ɗaya fiye da sau biyu a jere, tsutsar na saurin sabawa. Mai feshi ya rufe hanci da baki, ya sa doguwar riga da takalmi, kuma kada a ba yaro wannan aikin. Bayan kwana uku ko huɗu, in lokacin hana shiga da aka rubuta a kwalba ya wuce, a koma a sake ƙidaya 50, ana neman mai rai da ɗanyen kashi kawai.

Da masara ta fitar da fure babu sauran zuciyar ɓuya, sai tsutsar ta koma hammatar ganye da goyo. Tafiyar W ta yi wuya a lokacin, sai a riƙa bin kunya a miƙe, a tsallaka wasu kunyoyi, a dawo ta wata, har tsayawa biyar ta cika. Duba gemu, duba gefen goyo ko akwai huji da kashi a bakinsa, duba ganyen da ke sama da goyon da na ƙasansa. Wadda ta riga ta shige goyo magani ba ya isa gare ta, kuma hujin nan ƙofa ce ga ruɓa da funfuna. Masu sayar da ɗanyar masara ta gashi su kula da kwanakin da aka rubuta tsakanin feshi da karya, don wannan daga gona sai bakin mutane.

Adadin da ka tara kada ya tsaya a littafinka. Kai wa malamin gona na KARDA, hukumar bunƙasa noma da raya karkara ta jihar Kebbi, da ke yankinku, ko a shigar da shi manhajar FAMEWS mai sa ido kan wannan tsutsa, ta FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, in akwai mai babbar waya a ƙungiyarku. Tashin kamu a Yauri gargaɗi ne ga mai gona a Shanga da Koko. Masu noman rani kuma kada su sauke tarko bayan girbin damina. A canja robar ƙamshi, a mayar da sandar bakin fadama tun kafin a shuka masarar rani, a ci gaba da juye bokitin a ranar da aka saba.